Rakiya Har Bakin Kwalta

Ni mutum ne mai son mota, ba na ɓoyewa. Matata takan ce da mota tana tuƙa tuwo da tuni na manta hanyar kicin ɗinta. Wadda nake magana a kai tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, fara ce a da, yanzu dai jar ƙasarmu ta rine ta. Da ita nake shiga kasuwannin ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, in sayi masara da waken soya in fito da su bakin kwalta. Ta sha wuya a hannuna, ni ma na sha a nata. A shekarar da nake ba da labari bayanta ya riga ya zauna, ko buhu ɗaya babu a ciki sai ka ga kamar za ta durƙusa. In ta faɗa rami kuwa ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, ƙwal, har cikin haƙoranka.

Mama tana zaune a gidana tun da ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Ƙashin ya haɗu, amma bai haɗu daidai ba. Tana dogara sanda ta je coci, amma in aka girgiza ta kaɗan sai ta kwana biyu tana nishi. Hawa babur kam an gama da shi. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini a gabana, in na yi abin kirki sai dai in ji labari a bakin matata. Garinsu wani ƙauye ne can cikin gonaki bayan Ƙarfi. Hanyar garin ba hanya ba ce, sawun amalanke ne da ruwa ya zaizaye, ga wani rafi da ake tsallakawa ta kan duwatsu. Shekaru suka yi ta wucewa Mama ba ta taka garin ba.

A can yayarta take, wadda muke kira Inna. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Idon Inna ya daɗe yana mutuwa. Ɗanta ya taɓa ɗauko ta a babur ya kai ta asibiti, aka ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana kan hanya. Ta koma gida ta ce ita da fita har abada, a tsakar gidanta ƙafarta ta san inda komai yake. Wata rana, damina tana ja da baya, ɗan nata ya kai ta gindin ɗorawar bayan gida inda sabis ke kamawa, ya kira mu. Ina gefe ina ji, don Mama ba ta yarda da waya sai an buɗe murya. Inna ta ce ganin da ya rage mata kamar na mai leƙe ta hudar makulli ne, kuma hudar kullum ƙara tsukewa take.

Sannan ta ce, "In za ki zo in gan ki, ki zo bana. Baɗi sai dai in ji muryarki."

Mama ta ajiye wayar ta ci gaba da tsince wakenta. Ni ne na kasa zama. Na miƙe na ce zan kai ta, da kaina, har ƙofar ɗakin Inna. Ta ɗaga kai ta dubi motar da ke tsaye a ƙofar gida da bayanta a ƙasa, ta ce, "A wannan?" Allah ya sani, maganar ta sosa mini rai.

Washegari na dira garejin abokina. Tun firamare muke tare, shi Musulmi ni Kirista, ina ce masa Malam yana ce mini Fasto don tsokana, alhali ko karatun Lahadi ban taɓa ja ba. Na ce masa ina so a sake mata ƙafafu gaba ɗaya, gaba da baya, ta ɗaga sama yadda duwatsun rafi ba za su taɓa cikinta ba, ta kuma daina wannan dukan ƙarfen. Mutumin nan sai da ya yi 'yar rawa. Ya daɗe yana roƙona in bar shi ya taɓa ƙasan motar ina ce masa sai an yi kaka. Tare muka je Kano muka zaɓo kayan, muna danna wannan muna ɗaga wancan, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana kasa kunne kamar mai sayen tukunya. A motar haya na dawo da kayan a ƙarƙashin ƙafata, ban yarda an sa su a but ba.

Ga wanda bai saba leƙa ƙasan mota ba, abin kashi biyu ne. A gaba akwai shoka, wani bututun ƙarfe mai mai a ciki da ke shanye girgiza, da sifirin naɗaɗɗe a jikinsa kamar gammo. A baya kuma sifirin mai falle-falle ne, dogayen ƙarafa da aka jera ɗaya kan ɗaya aka ɗaure. Da Malam ya ciro tsohon shokan sai ya danna shi da hannu ɗaya, ya shige, bai dawo ba. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa duk wanda ke garejin. Na baya kuma falle ɗaya ya karye a tsakiya, ga robar tayar da na naɗe shi da ita tana nan. Direbobin da ke zaune a benci suka yi ta dariya, wai ashe a kan addu'a nake yawo. Ban ji haushi ba, farin ciki ya hana ni. Na tuɓe riga na shiga ƙasan motar ina riƙe masa sifana, girisi har kunnena.

To, ga yadda ake aiki a garejin nan. Duk wanda ya kawo a-kori-kura ɗan hatsi ne, kuma magana ɗaya ce ake yi, wato buhu nawa za ta ɗauka. Ba a taɓa kawo wa Malam mota an ce ya sa ta yi laushi ba. Saboda haka da aka jera sabbin fallayen baya, sai wani daga benci ya ce a ƙara mata ɗaya. Aka ƙara. Wani ya ce ai hanyar bayan Ƙarfi ce, a ƙara ɗaya. Ni kaina da ke kwance a ƙasa na ɗaga murya na ce Malam, ƙara. A ranmu duka, yadda ƙarfe ya fi yawa haka tsohuwa za ta fi jin daɗi.

Da aka sauke ta daga kan jak, kai, zo ka ga mota. Ta miƙe tsaye, bayanta ya fi gabanta tsayi, sai da na yi tsalle kafin na hau kujera. Na zagaya ta, na sake zagaya ta. Na bi ta tsakiyar gari ina danna ham ba gaira ba dalili, masu keke-napep suna leƙo kai suna kallo. A kan kwalta ban lura da komai ba, hankalina yana kan yadda nake hango rufin motocin mutane. Na isa gida na tarar Mama ta riga ta ba da ɗinki, har an kawo. Atamfa ce rawaya mai ɗaukar ido, irin wadda ba ta taɓa sawa ba, ta gaya wa matata cewa ita idon Inna zai fi saurin kamawa.

Matata ce ta ce a gwada tukuna. Ta zuba kunu a kwano ta riƙe a cinya, ta zauna a kujerar da Mama za ta zauna, ta ce in kunun ya tsira to ƙugun Mama zai tsira. Muka bi wata hanyar ƙasa ta bayan gidan gurzar auduga. Ramin farko, wanda ko kaza ba za ta lura da shi ba, motar ta yi tsalle kamar ɗan akuya. Kunu a rufi, kunu a gilashi, kunu a fuskata. Na biyu kaina ya daki rufin, ita kuma ta ciji harshe. A da ƙarfe ke dukan ƙarfe, yanzu motar gaba ɗaya ke dukan mutum. Muka dawo gida. Mama ta dubi rigar matata, ta dubi tawa, ta shiga ɗaki ta ninke atamfar nan ta sa a ƙasan akwati.

Na koma gareji a fusace. Na ce wa Malam ya mayar mini da mota jaki. Ya ce ni na ce a ƙara, kuma yana da shaidu cike da benci. Na ce to a cire. Ya ce a cire ta sauko, dutsen rafi ya farke mata tankin mai, sai in goya Mama a baya. Muka yi ta yi har aka shiga tsakani. Na tafi ina cewa ba zan sake taka garejinsa ba, shi kuma yana ce mini in gaida gida.

Ranar kasuwa ta zo, dole na fita aiki. Na je ina ta tsalle a kan kujera ina tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro sifirin. Aka yi mini lodin masarar bara ta wani ɗan kasuwa, aka ɗaure, na tayar na kamo hanya raina a ɓace. Na yi nisa kafin na lura da shirun. Babu duka, babu tsalle. Na hango wani rami na nufe shi da gangan, motar ta shiga ta fita tana lilo a hankali. Na nemi wanda ya fi shi na sake shiga. Haka dai. Na taka burki na diro na leƙa ƙasa, sai na ga fallayen nan da suka yi ƙememe sun kwanta, suna lanƙwasa yadda ya kamata. Ashe nauyi take so. Ni kaɗai a tsakiyar gonakin dawa na yi ta ihu ina dukan bodi. Na kira Malam ina haki, ya ce ai shi dama ya sani. Ƙarya yake, bai sani ba.

Ban sauke kayan ba, kai tsaye gida na nufa na ce wa matata ta damo kunu. Muka koma hanyar nan. Kunun ya yi ta rawa a cikin kwano amma bai zuba ba. Ta shanye shi a kan hanyar dawowa. Da yamma na ga atamfar rawaya a kan igiya tana shan iska.

Masarar tana da mai ita, don haka na samo buhuna na cika da yashi daga wurin wani maƙwabci da ke gini, na jera su daidai kan tayoyin baya. Na ji ni gwani. Da safen tafiya Mama ta fito tsaf cikin rawayarta, ta zo bayan motar ta tsokani buhu da sandarta, ta tambayi matata mene ne a ciki. Da ta ji, sai ta nemi benci ta zauna ta ce ba inda za ta. Ta ce motar da ta shiga garinsu da buhuna, kafin a kashe inji samari sun kwashe su sun kai zauren Inna, mata sun rangaɗa guɗa cewa ga 'yar gida ta zo da tsaraba. Sai a kwance baki a ga me? Na ce zan yi musu bayani, na nauyi ne. Ta ce bayanin zai tsaya a zaure, labarin kuwa zai kai Malumfashi kafin mu kai.

"Shekara da shekaru ban je gidan ubana ba," in ji ta, tana kallon matata ba ni ba, "sai in je musu da yashi?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce idon Inna ba ya jiran wannan. A banza. Aka ɗaga tafiyar, aka zubar da yashin, Mama ta zauna a benci tana ba da umarni. Ba za a kai wa manomi masara ba. A sa siminti, don bangon ɗakin Inna ya tsage. A sa gishiri, a sa taki saboda masu noman rani, a sa jarkar manja. Aka fito da tsohon keken ɗinkinta mai ƙafar ƙarfe, wai na jikar Inna ne. Maƙwabta 'yan wajen can suka ji, kowa ya kawo saƙo. Ina gunaguni, amma duk abin da aka ɗora sai in tsuguna in leƙa fallayen, in ce a ƙaro. Matata ta tambaye ni dawowa fa, tunda tsaraba ba ta dawowa, ga shi masara ba ta bushe ba, rumbunansu wayam. Na nuna mata shebur da buhunan da na ɓoye a bayan kujera, na ce yashin bakin garinsu ai ba na kowa ba ne.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Muka bar kwalta na sa ƙaramin giya, motar tana taka ramuka ɗaya bayan ɗaya tana lilo. Da farko Mama ta ƙanƙame ƙofa, ta rufe ido, ga matasan kai da na kewaye ta da su. Can sai na ga ta saki. Ta fara nuna gonaki da baki, wannan ta gidan wane ce, a gindin tsamiyar can suke hutawa in sun ɗebo itace, can kuma da akwai rijiya. A rafi na tsaya na sa jan ƙafa huɗu. Muka shiga, ruwa yana dukan ƙasan ƙofa, ina jiran in ji dutse ya kama cikinta. Ko ƙwas ban ji ba. Muka haura tudu ruwa yana zuba daga jikinta, na daki sitiyari na ce Mama kin gani? Ta ce in dubi gabana.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Kafin na kashe inji guɗa ta tashi, samari sun hau suna sauke kaya, motar tana ɗagawa sama kaɗan-kaɗan. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ƙanƙance fiye da yadda na san ta. Suka rungume juna suna kuka, mu ma muka taya su. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa aka zaunar da su. Daga nan gari ya ɓarke. Wannan ta zo gaisuwa, wancan ya zo, Mama tana juya fuska dama da hagu tana amsawa. Ina kallon Inna tana karkata kai, tana neman fuskar ƙanwarta ta 'yar hudar nan, ga inuwar rumfa, ga hawaye, ga fuskar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta kai hannu ta shafa kumatun Mama. Wata ta tambaye ta ko ta gan ta. Ta yi murmushi ta ce ta ga zanen, zanen ya yi kyau.

Duk wannan ƙarfe, duk wannan siminti, a ƙare a kan atamfa. Ga rana ta karkata, kuma zamanin nan ba wanda ke so yamma ta yi masa a hanyar daji. Na zame na ɗauko shebur da buhuna na nufi bayan gari. Ɗan Inna ya tare ni, na gaya masa dalili, shi kuma ya kai wa uwarsa. Sai ga kira. Ashe halin nan na ɗakinsu ne. Inna ta ce ba a taɓa sallamar baƙonta da yashi ba, kuma ba za a fara a kan ƙanwarta ba. Ta ce in nauyi motar take so, ai suna da mutane, dama rakiya wajibi ce, yau sai a yi ta har bakin kwalta.

Mata suka fara hawa, surukan Inna, 'yan zumuntar mata na cocinsu, maƙwabta Fulani da suka zo kallo. Na tsuguna ina leƙa fallayen ina cewa a ƙara ɗaya. Aka ƙara. A ƙara ɗaya. Aka turo wata ƙatuwar mata tana dariya tana cewa ita kaɗai ta isa, aka ja ta sama, sifirin ya kwanta lumui. Ina miƙewa na ga Inna, wadda ta ce ita da fita har abada, tana laluben ƙofar gaba. Na ɗaga ta na zaunar a tsakiya, Mama a bakin taga.

Hanyar fita yamma ta dosa, rana tana gabanmu, haskenta ya shigo ta gilashi ya sauka a kan fuskar Mama. Ba mai gaisuwa, ba rumfa. Mama ta zauna cak saboda ƙugunta, tana kallon gaba. Inna ta juya, fuskarta dab da tata, ta tsaya a haka. Na gane abin da ke faruwa. Tun da nake tuƙi ban taɓa tafiya a hankali irin ta ranar ba, ina zaɓar inda kowace taya za ta taka, ina roƙon Allah kada motar ta motsa kan tsohuwar nan. A baya mata suna waƙa suna tafi, motar tana ɗauke da su kamar ba komai. Mun tsallake rafi, mun haura, sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa.

"Ashe har gira kin yi furfura," ta ce. Ta ƙara matsowa. "Ga tabon da na yi miki da murfin tukunya. Yana nan."

Mama ba ta juya ba, don kada ta ɓata mata ganin. Hawaye yana bin kumatunta ta bar shi. Ta ce, "Yana nan, Yaya."

A bakin kwalta na zaunar da Mama a bencin wata mai sayar da rake, na juya na mayar da Inna da matan gida. Sannan na fito ni kaɗai, mota wayam, tana wurgi da ni, kaina yana dukan rufi, ina dariya kamar taɓaɓɓe. Na tarar da Mama a tsaye ta dogara sanda, tana kallon hanyar da na fito. Na buɗe mata ƙofa na gyara matasan kai. Ba ta shiga nan da nan ba. Ta ɗora tafin hannu a jikin motar, a kan taɓon rafi da bai bushe ba, ta ɗan bubbuga ta.

"Sannu da aiki," ta ce wa motar. "Allah ya yi wa mai ke albarka."